Inda Keken Hure Ya Tsaya

Asabar, 6 ga Yuli, 2024
Maigandi magini ya gama gangarar ƙofar shago, matakala ukun nan sun tafi. Na zauna cikin atamfofina ina kallon siminti yana bushewa, ina hango a raina Hure taubashiyata ta taso daga Argungu, ta murzo kekenta na guragu har gaban kantar shago, ta jawo zane da hannunta. Shekara huɗu ina fito mata da kaya bakin titi. Ba ta taɓa ganin cikin shagona ba, kuma abin yana ci mini rai.

Laraba, 10 ga Yuli
Awakin unguwarmu Badariya sun fi kowa murna da gangarar. 'Yan kabu-kabu ma sun samu wurin ajiye babur.

Lahadi, 14 ga Yuli
Ruwa tun hantsi, ba mai saye. Gyangyaɗi ya kwashe ni a kan kafet. Sai ga mu yara a gulbi, Hure tana tuƙa kwale-kwalen Kawu Illo, mu masu ƙafa muna iyo a baya muna haki. Shan inna bai taɓa bin ta cikin ruwa ba. Na farka da ƙamshin bandar kifi a hancina. Ina kewarta.

Juma'a, 19 ga Yuli
Ta zo. Ta hau gangarar ba wanda ya tura ta, har na soma guɗa. A bakin ƙofa sai ta tsaya cak. Ga takalman mata jere, ga jan kafet ɗina da kowa ke tuɓe wa takalmi, a zauna a kai a baje zannuwa. Ta dubi tayoyinta, duk laka.
Na ce, "Shigo mana, gimbiyar Kabawa."
Bakina ya faɗa, amma idona ya sauka kan kafet. Ta gani.
Ta ce, "Hamida, kowa ya tuɓe nashi. Ni mi za ni tuɓewa?" Ta yi dariya. "Wa kinka tambaya kahin ki zuba siminti?"
A ƙofa ta zaɓi zanenta, kamar kullum. Taku biyar kawai na matso da ita.

Talata, 23 ga Yuli
Haushi nake ji. Ni da na yi don ita! Hajiya Ummu Hani, wadda ta fi kowa saye a wurina, ta ce kada in kuskura in taɓa kafet: "Don zama bisa nai muka zuwa, kuma nan muka salla." Gaskiyarta. Ita ma Hure gaskiyarta. Ban tambayi kowa ba.

Alhamis, 1 ga Agusta
Na naɗe kafet na mai da shi ƙurya, inda masu zama da masu salla za su ishe shi. Damina ce, ya soma warin sanyi. Hajiya ta leƙo, ta taɓe baki, ta wuce ba ta sayi ko ƙyalle ba.
Na kira Hure na tambaye ta faɗin kekenta. Ta ce, "Sai yanzu?" Ta faɗa mini, har da inda take buƙatar juyawa. Ashe kantar shago ma sai ta matsa. Jibi za ta zo.
Tun safe nake yawo cikin shagona da takalmi a ƙafa, don kada ta zama ita kaɗai. Duk wanda ya tambaya, damina ce.