Baba ya je Zakka daga cikin zaure

Laraba da dare, Safana

Na gaji tiƙis yau, amma Baba ne a raina. Da likita ya ce hawan jininsa sai da motsa jiki, ga hanyar Zakka ba ta biyuwa saboda mutanen daji, na zaci zama zai yi. Ashe ban san ubana ba.

Ya kafe tsohon kekensa kan jaki a zaure, tayar baya tana juyawa a iska. Kullum da safe sai ya ɗaɗɗaga gwangwanayen da ya cika da siminti, sannan ya haye keken yana tuƙi. A da dariya nake yi masa. Yau na tsaya na kalle shi sosai. Gumi ya jiƙe rigarsa, yana nishi, wai ya iso tudun nan na kusa da gonarmu, gonar da rabonsa da ita tun farkon masifar nan.

Da ya sauko, Inna ta miƙa masa ruwa, ko murmushi babu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ban gamu da kowa ba."

Na shige ɗaki kada su ga idona.