Kabarin Eva Ba Shi da Suna

Mubi, Jihar Adamawa

Yaya Selina,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Fatakwal. Mu jiki lafiya. Mama tana can garin Gella, ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, sai ranar da na zaga bayan shagon maigidana Zacharia neman itace na gane abin da ya same mu. Na tarar da gicciye bakwai a jingine, kowanne da sunan Eva a sassaƙe. Wata tara ke nan da muka binne 'yarmu, kullum yana ce mini yana kan aikin. Ashe gamawa yake yi ya ajiye: wannan katakon ya karkace, wancan harafi ɗaya ya fi sauran zurfi. Ni ban ga aibin ko ɗaya ba. Kin san halinsa tun dā, kafintan da ke kwance ƙofar da mai ita ya riga ya yaba. Muna yi masa dariya. Yanzu na daina.

Fasto ya haɗa mu da wata likita a Yola, wadda ba ta ba da ƙwaya, zama take yi da mutum suna magana. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma asiri ba. Tsoron kuskure ne ya ɗaure shi tun yana yaro, rasuwar ta ƙara ja. Ta ce gyaran yana cin lokaci, kuma sai shi ya yarda. Ta ba shi aiki: ya yi ƙaramar kujera a yini ɗaya, kada ya goge, ya bayar kyauta. Ya yi kujerar, Yaya, ya bayar. Washegari ya je ya karɓo ta daga maƙwabciyarmu. Zuwanmu na huɗu ya tafi da guduma, wai teburin likita na girgiɗi. Da ta roƙe shi ya bar shi haka su zauna, sai ya ce macen da ke aiki a kan irin wannan tebur ba ta da abin koya masa. Bai koma ba.

Ruwan bana ya kwantar da tudun kabarin. Makon jiya sai da na tambayi mai gadin maƙabarta kafin na same shi. Na ce wa Zacharia zan ɗauki gicciye ɗaya in kafa da kaina, ya yi kuka, ya ce in ba shi mako guda. Na gaji, amma na kasa yi masa haka. Ki kira shi, ko zai ji maganarki.

Ki gaida maigidanki, Baban Joel da Christy. Har yau ba a kafa komai a kan Eva ba.

Ƙanwarki,
Hanatu