Matata Ta Daina Gane Kiɗana

Anti Fure, ki taimake ni don Allah. Abin nan ya tsaya mini a rai, in kuwa na faɗa wa abokaina dariya za su yi.

Ni makaɗin jitar bes ne, mai kaurin muryar nan, a wata majami'a a nan Kontagora. A ƙauyenmu kusa da Rijau na koya, zamanin da sifikarmu ɗaya ce tal, da batirin mota muke kunna ta. In ba ka cusa yatsa ƙarƙashin tsirkiya ka fizgo ta da ƙarfi ba, ganga ta haɗiye ka. Haka hannuna ya tashi. Mukan ɗaure kaya a akori-kura mu tafi biki har Zugurma, mu dawo yatsu sun kumbura, muna ta murna. A irin wannan bikin na haɗu da matata Alheri. Ta sha gaya wa 'ya'yanmu cewa a ƙirjinta ta fara jin kiɗana kafin ta gan ni, wai da fuskar ta fara gani da ba ta tsaya ba.

Yanzu girma ya zo. Wuyan hannuna ya matsa mini da ciwo, likita ya ce in sassauta ko in ajiye jitar. Sai ɗanmu Silas ya ga wata dabara a wayarsa, ya kai jitar wurin Abdulsalami kafinta. Aka sassaƙa ɗan katakon maɗaci aka manna ƙarƙashin tsirkiyoyin, daidai inda nake kaɗawa. Yatsa ba ya samun wurin nutsewa, yana taɓa tsirkiya sai ya sauka kan katako ya wuce. Ba zan yi butulci ba, ciwo ya ragu, sauri ya ƙaru, sauti ya fito sumul. Matasanmu har yaba ni suke yi.

To Anti, Alheri ta rasa ganinta shekarun baya. A bencin baya take zama, da kunne take sanin ina nan. Ran Lahadi muna komawa gida, tana riƙe da hannuna, sai ta tambaye ni wane yaro ne ya karɓe ni yau, wai hannunsa da tsabta amma kamar bai karya kumallo ba. Na kasa ce mata ni ne. Ba ta san zancen katakon ba, don ban so ta san hannun ya kai haka.

In na cire shi, ina jin tsoron hannun zai tsaya gaba ɗaya. In na bar shi, na ɓace wa matata alhali ina gabanta. Yaya zan yi?

Tsohon Makaɗi, Kontagora

Baba Makaɗi,

Kada ka cire katakon. Silas ya yi maka gata, kuma hannun da ya mutu ba ya kaɗa wa kowa, da ƙarfi ko a hankali. Amma Mama ma tana da gaskiya. Kiɗan nan naka shi ne abin da ya rage mata na ganinka, ba ƙaramin abu ba ne.

Na tambayi wani makaɗi, ya ce katakon ba dole ya kusa taɓa tsirkiya ba. Abdulsalami zai iya goge shi da samfefa ya ɗan yi ƙasa, yatsa ya sami wurin kamawa. Ka fara jin ta bakin likitanka. Makaɗin ya kuma ce a ƙara wa sifika murya, domin fizgar da ka saba ta zamanin batirin mota ce, yanzu na'ura za ta ɗauke maka wannan wahalar. A matso wa Mama da kujera kusa da sifikar, inda kiɗan zai sake dukan ƙirjinta.

Babban gyaran dai ba a jikin jitar yake ba. Matar da ke riƙe wannan hannun kowace Lahadi, kana tsammanin ba ta ji ya canza ba? Ina kyautata zaton ta san wanda ya yi kiɗan sarai, so take ka faɗa da bakinka.

Ka kawo jitar gida, ka ɗora yatsunta a kan katakon ta shafa, ka gaya mata dalilinsa. Sannan ka kaɗa mata waƙar bikin da kuka haɗu a hankali, ku biyu, har kunnenta ya saba da sabon hannun mijinta. Allah ya ba hannu lafiya, ya bar ku tare.

Anti Fure