Na Fere Sunana daga Mazarinki

Zuwa ga Anisiya, furen da ke fara leƙowa bayan ƙanƙara, ruwan idon dutse mai sanyaya maƙogwaro, farar 'yar tunkiyata mai taurin kai!

Haba Anisiya! Me na yi miki? Sanyin bana kaf na ƙare shi ina sassaƙa miki mazari, yadda kowane saurayi ke yi wa wadda yake so. Na zaɓi icen da ya fi kowanne tauri a dajinmu, na zana furanni da tsuntsaye, na sa masa zoben dalma, na rubuta sunana a gindinsa. Kin tuna ranar da na miƙa miki a bakin rijiya? Kika auna shi a tafinki, kika yi wani murmushin da har yau ban gane kansa ba. Tun daga nan ko sili ɗaya bai hau shi ba. Kullum kina ƙofar gida da tsohon mazarin kakarki, gari kuwa ya ɗauka an ƙi ni. Har Simiyon mai injin niƙa ya fara aske gemu ba ranar Lahadi ba, wai don ya burge ki!

Jiya haƙurina ya ƙare, na tare gwaggonki Todora. Ta shiga ɗakinki ta ɗauko mazarin ta jefo mini, ta ce: "Kai ɗan nan, mazari ka yi ko taɓarya? Siririn zaren rama take kaɗawa na rigar ango. Silin ba ya kama juna sai ya sha murɗa, kafin ya sha kuwa nauyin abin nan ya tsinke shi. Kai wa mai tufka igiyar shanu!"

Rigar ango, Anisiya! Wane angon? Kuma bakinki ciwo yake yi da ba za ki ce mini ya yi nauyi ba? Kin bar ni ina ramewa, tuwon masara da cuku ba sa wuce mini wuya, a kan maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba!

To ga shi na dawo miki da shi. Na cire dalmar, na fere furannin da tsuntsayen. Nauyin bai ragu yadda ake so ba sai da na fere sunan nawa ma. Wallahi ya yi mini ciwo.

Ranar idin Waliyyi Jorj, da shigowar bazara, zan kora tumaki kan dutse, ba saukowa sai kaka. Ta ƙofarku zan bi, hasken idona. Ki fito da shi yana juyawa, kowa ya gani, ni ma in san matsayina. In kuwa rigar ta Simiyon ce, duk da haka ki kaɗa da shi. Ko a jikin wani ne, ba na so zarenki ya tsinke.

Naki da fushinsa da komai, har ranar da za a rufe ni,

Nistor