Babana Ya Rantse Zai Yi Mini Fito Ranar Bankwanata

Goggo Clelia, don Allah ki cece ni, kaina ya kulle. Ni mawaƙiyar opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, kuma ni soprano ce, mai siririyar muryar nan da kullum ake ba wa matsayin budurwar da ba ta kai ƙarshen wasa da rai. Kusan shekara talatin ke nan ina wannan sana'a. An ba ni guba, an soke ni da wuƙa, na faɗo daga hasumiya a kan katifa, tarin fuka kuwa ya kashe ni a ƙasashe da dama, alhali duk wanda ya ga damtsena ya san ba ni da alamar mai ciwo. Na yi waƙa a Vienna, na yi a Lisbon, har Buenos Aires sun jefe ni da furanni. Wuri ɗaya ne ban taɓa buɗe bakina ba, wato garinmu Parma, kuma babana ne dalili.

Sunansa Ermete, tsohon mai sayar da cuku ne, ya haura tamanin. Shi ne uban 'yan bene. Kin dai san su, mutanen kujerun araha na can kusa da rufi, waɗanda suka haddace kowace waƙa fiye da masu rera ta, da murya ta zame ko da ƙiris sai su sa yatsu a baki su yi ta fito har a sauke labule. Mutumin nan ya taɓa yi wa fada, limamin cocinmu, fito a coci ranar Ista, wai muryarsa ta karkace. Ranar da na sami aikina na farko, muna cin taliya, ya ce mini, "Yarinya, je ki yi waƙarki duk inda kika ga dama. Amma in kika hau dandamalin garin nan kika zame, ni zan fara. A bene ba ni da 'ya." Mama ta jefe shi da ludayi, ni kuwa na riƙe maganar har yau.

To, bana zan ajiye waƙa, kuma gidan opera na garinmu ya gayyace ni in yi bankwana a gida. Na amsa ban yi tunani ba. Ga inda matsalar take: daf da ƙarshen wasan, ina kwance a gado ina shirin cikawa, akwai wurin da murya za ta hau can ƙololuwa ta tsaya. Da, ko daga barci aka tashe ni zan kai. Yanzu wata rana ta zo, wata rana ta aiko da uzuri.

Shugaban makaɗanmu, Maestro Gualtiero, ya ce zai ɗan sauke mini kiɗan wurin ƙasa a ɓoye, babu mai ganewa. Bai san babana ba. Kunnensa ya toshe ga duk abin da Mama ke faɗa, amma a sauke kiɗa da faɗin gashi ɗaya zai ji, kuma a wurin 'yan bene wannan sata ce, fitonta ninki biyu. Mijina Osvaldo ya ce mu ɓoye wa baban nawa haƙoransa na roba, tunda in babu su iska kawai yake hurawa. Na saya masa kujera a sahun gaba, cikin likitoci da lauyoyi inda ake jin kunyar fito, ya mayar mini da tikitin, wai shi ba gawa ba ne da za a ajiye shi a ƙasa. Abokansa kuma sun tasa shi gaba a shagon kofi, kullum sai sun ce, "Ermete, za mu gani, uba ne kai ko ɗan bene?" Mama ta ce yana kulle kansa a banɗaki yana gwajin fito, kuma ya daina shanye romonsa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba, Goggo, ba fiton nake tsoro ba. Babana bai taɓa zama ya ji ni da kunnensa a ɗakin wasa ba, ko sau ɗaya. Ina so ya ji ni kafin muryar ta tafi ko shi ya tafi, kuma ina tsoron abin da zai ji shi ne ragowa. In soke wasan, in yarda a sauke kiɗan, ko in bar Osvaldo ya ɗauke haƙoran?

Mai Mutuwa Kowane Mako, Parma

*

'Yata Mai Mutuwa,

Da farko, ki ce wa mijinki ya bar haƙoran surukinsa inda suke. Tsoho marar haƙora zai iya buga sanda a ƙasa, kuma duk garin zai san dalili kafin a gama tafi.

Na fahimci tsoronki, kuma ba wauta ba ne. Murya tana tsufa kamar gwiwa, babu laifin kowa a ciki, kuma wadda ta yi wa duniya waƙa tsawon wannan lokaci tana da hakkin ta sauka da mutuncinta. Amma ki dubi ɓangaren babanki. Ya yi cika baki a kan kwanon taliya kina yarinya, maganar ta hana ki shiga, shi kuma ta hana shi fita. Mutumin da yake ɗokin kunyata 'yarsa ba ya barin romo a kwano. Yana tsoron daren nan fiye da ke, domin ko ya ci amanar benen da ya ba wa rayuwarsa, ko ya ci amanarki a gaban jama'a.

Saboda haka kada ki soke wasan, kuma kada ki yi komai a ɓoye. Ki zauna da Maestro ku gwada wurin nan da gaske, ba a ranar da kika tashi da sa'a kaɗai ba. In muryar ta fi zuwa fiye da ƙin zuwa, ki hau da ita, ki huta, ki rage surutu, ki bar sauran ga Allah. In kuwa ta fi ba da uzuri, a sauke, amma ki je gida ranar Lahadi ki faɗa wa babanki baki da baki. Abin da aka sanar ba sata ba ne, kuma 'yan bene sun fi yafe wa mai gaskiya a kan mai wayo. Ki ƙara masa da abin da kika faɗa mini a ƙarshen wasiƙarki. Ni ba ni ce nake bukatar jin sa ba.

Sannan ki saya masa tikitin bene, kujerarsa ta kullum, ki miƙa masa da hannunki. Ba ragowa zai ji ba. Ƙololuwar nan numfashi ɗaya ce, sauran wasan kuwa macen da ta san abin da take faɗa ce za ta rera shi, kuma wannan ba budurwar da za ta iya.

In ya yi fito, ki ɗaga kai ki rusuna masa shi kaɗai, domin a duk ɗakin babu wanda ya saurare ki kamarsa. In kuwa kika ji benen ya yi tsit, kada ki dubi sama. Ki bar tsoho ya share fuskarsa ba tare da 'yarsa ta gani ba.

Allah ya buɗe miki maƙogwaro, ya bar miki shi ya ga saukarki lafiya.

Goggo Clelia