Lambatun Da Ban Ɗinka Ba

Anti mai shawara, ki taimaka mini tun kafin hannuna ya aikata abin da zuciyata ta riga ta gama yankewa. Wayata nake faɗa wa tana rubutawa, don idan ƙanwata na sa, ƙwace yadin za ta yi ta ɓoye.

Ni makauniya ce, amma ba da makantar aka haife ni ba. Tela ce ni kafin ciwo ya tafi da idanuna, kuma da ya tafi bai haɗa da yatsuna ba. A ƙungiyarmu ta makafi ni ke ɗinka taswirar unguwa a kan yadi mai kauri, wadda ake karantawa da hannu. Igiya ita ce titi, zif shi ne lambatu, maɓalli kuma shi ne wurin da aka rufe lambatun da siminti har mutum zai iya tsallakawa. Ƙanwata ke zagayawa da ni ina taɓawa, in dawo in ɗinka. Babbar taswirar tana rataye a ofis, duk mai son zuwa sabon wuri sai ya fara laluba ta.

Bara sakatarenmu, shi ma makaho ne, ya ari taswirar ya tafi da ita gida wai zai koya wa wasu sababbi. Ya dawo da ita ya rataye, bai ce komai ba. Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa da muke kira Gwaggo ta laluba hanyar asibiti, ta fita da ƙarfin gwiwa, ta je inda maɓalli ya ce mata akwai murfi, ta taka ta zurma. Ƙugunta ya karye. Matar da ke kai kanta kasuwa, yau sai an ɗaga ta an juya ta.

A taron da aka yi, mutumin nan ya miƙe ya gyara murya ya ce kuskuren mai ɗinki ne, dama shi ya daɗe yana cewa rayukan mutane sun fi ƙarfin maɓallan riga. Aka sauke taswirata aka miƙo mini a leda. Na dawo gida ina kuka, don ni ma na ɗauka ni ce. Sai da na juya bayan yadin ina bin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ni kowane maɓalli ƙulli biyu nake masa a baya, tun ina gani haka nake yi. Na hanyar asibitin kuwa da gam aka manna shi, kuma a kwanar da ta gabaci inda na sa shi. A can inda yake da, guntun zarena na nan da ƙullinsa. Maɓallin ya cire a hannun sakataren, ya manna inda ya ga dama, ya ja bakinsa, sannan ya shafa mini kashin kaji.

Na same shi na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce in kawo wanda ya gan shi. A ƙungiyar makafi, Anti, wai in kawo wanda ya gani.

To yanzu Allah ya kawo shi hannuna. Sun tashi sun koma wata unguwa, bai san ko'ina ba, kuma girman kai ba zai bar shi a riƙa jan sa zuwa ofis ba. Sai ga matarsa ta zo tana sunkuyar da murya, wai in taimaka in ɗinka masa hanyar sabon gida zuwa tasha, amma kada kowa ya ji. Wato maɓallan riga sun yi rana. Na karɓa da fara'a har da ba ta ruwa.

Mun bi hanyar da ƙanwata. Gaban shagon mai walda akwai lambatu mai zurfi, buɗe, ga ƙarar injin da ba ta barin mutum ya ji komai. Shi kuma tafiya yake kamar an koro shi, sandar ma a iska yake kaɗa ta. Na gama komai tsaf, titi da kwana da tasha, sai zif ɗin wurin nan ne ban sa ba. Yana kan cinyata yanzu. Ba ƙarya zan ɗinka ba, shiru kawai zan yi, irin shirun da ya yi. Ina so ya ji abin da Gwaggo ta ji lokacin da ƙafarta ta nemi ƙasa ta rasa. Ina so ya kwanta a juya shi. Ban ɓoye miki ba, in na tuna sai in ji sanyi a raina. Matar tasa za ta zo karɓa ƙarshen mako. In miƙa mata a haka?

Taki,
Mai Ƙulli Biyu

*

'Yar'uwa Mai Ƙulli Biyu,

Kada ki miƙa. Na fara da wannan don kada ki gaji da karatu kafin ki iso wurin.

An zalunce ki, ba zan rage miki ko kaɗan ba. Cirewar maɓalli tsautsayi ne, manna shi a wani wuri ganganci ne, kuma mai yiwuwa tsoro ne ya kama shi da ya ji Gwaggo ta faɗi. Tsoro na sa mutum ya yi shiru. Amma miƙewa a taro ya ɗora miki, wannan zaɓa ya yi, kuma yana da bayanin da zai yi.

Sai dai kin fi ni sanin cewa a taswirarki babu shiru. Inda babu zif, yatsa karantawa yake hanya lafiya. Kin kuma san taswira ba ta zama a hannu ɗaya. Zai ara wa baƙon da zai zo masa, ko wani sabon shiga da bai taɓa yi miki komai ba. Ko da shi ɗin ne ya faɗa, lambatu ba ya auna hukunci, yana iya tsayawa a ƙugu, yana iya kai wa ga rai. Ranar nan kuma za a juya yadin a shafa, a tarar da ƙulli biyu a ko'ina. Ƙaryar da ya yi a kanki bara, ke da hannunki za ki mai da ita gaskiya.

Kina da hanya biyu masu tsafta. Kina iya mayar wa matarsa da saƙo cewa ba za ki yi ba, babu wanda zai ga laifinki. In kuma za ki yi, ki yi cikakke, sannan ki ce a ofis za a karɓa, ranar taro, shi da kansa.

Wanda ya gan shin da ya ce ki kawo, ba a buƙatarsa. Ki ɗauki tsohuwar taswirar ki nemi shugabanku ya ba ki dama, a zagaya da ita hannu-hannu. Kowa ya shafa gam ɗin, ya shafa guntun zarenki. Mutanen da ke karanta titi da yatsa ba za su kasa karanta wannan ba. Kafin nan ki fara kai wa Gwaggo, don ita ta fi kowa haƙƙin sanin abin da ya kwantar da ita, kuma ƙungiya ta tattauna yadda za a kula da ita. Ku sa doka kuma, duk taswirar da ta fita aro sai mai ɗinkinta ta shafa ta kafin a sake ratayewa.

Zif ɗin da ke kan cinyarki, ki ɗinka shi yau, ki sa mafi kaushin da kike da shi. Kullum da safe zai ɗora yatsa a kai kafin ya fita, ya san wadda ta hana shi faɗawa.

Allah ya huci zuciyarki, ya ba Gwaggo lafiya, ya mayar da taswirarki bangon da aka sauke ta.

Antinku