Takalmin da Ya Zo a Makare

Auta,

Ki karɓi kashedina tun kafin gaisuwa, domin na san halinki, idan na fara da tambayar lafiya a nan za ki ajiye takardar. Kada ki kuskura ki dawo mini da akwatin da ba ki tafi da shi ba.

To, assalamu alaikum. Ina fata kun sauka lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ku ke da maigidanki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta saba gunaguninta. Na rubuta wannan da hannuna na ɗauki hotonsa na turo miki, saboda a waya ba a gama magana da ke. Da na fara sai "to Mama, to Mama", ki lallaɓa ni ki kashe.

Na ga hotunan da kike turowa. An ce mini garin yana bakin teku, amma ni har yau ban ga ruwa ba. Wannan hoto a shagon labule, wancan a shagon tangaran, na ukun kina rungume da fulas kamar jariri. Mijinki kuwa kullum yana can baya, leda a dama, leda a hagu, kamar wanda aka ɗauko haya. Fulas nawa ne a gidanki? Tagar wa ce ba ta da labule?

Ki tuna abin da ya kai ki. Shugabarku a asibiti ba don sayayya ta ba ki hutu ba. Ta ba ki ne don ta ga kina tsaye kina gyangyaɗi a gaban majinyata. Tun da Babanku ya kwanta, kina jinya a wurin aiki ki dawo ki yi jinya a gida, kuma bayan rasuwarsa ba ki zauna kin huta ba. Bawan Allahn nan ya daɗe yana tattali don ya fitar da ke ki sha iska. Hakkinsa ne ya ga matarsa tana dariya, ba ya riƙa bin bayanta kanti-kanti ba.

Kayan garin baƙunta kyansu a can yake. Tambayi yayarki labarin agogon bangon da ta sha wahalar ɗaukowa, mai tsuntsu a ciki. Tsuntsun ya leƙo ranar farko, ya ga gidan, bai sake fitowa ba.

Ki ci abinci, ki yi barci, ki je ki ga ruwan nan. Ni ba na son tsaraba. Ki gaishe mini da maigidanki.

Mahaifiyarki.

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya ƙarfin zuciya? Ina fata wannan ta same ki a zaune, don ina so ki karanta ta a natse.

Mijinki ya kira ni jiya bayan la'asar. Kada ki yi masa fushi, ni na matsa masa. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar gwiwata har na ce masa gwiwa tana nan inda ya bar ta, ya faɗi abin da ke bakinsa. Sai ya ce, "Mama, wallahi ba kuɗin ne damuwata ba. Ko shagon za ta ɗauke gaba ɗaya, in dai za ta ci abinci." Ya ce kin fara haɗa kaya, wai ku katse hutun ku dawo, wai garin bai karɓe ki ba.

Daga nan ya ba ni labarin takalmi. Ya ce kun shiga wani ƙaramin shago a bayan masaukinku, kika hangi takalmin maza mai faɗin baki, mai laushi, wanda ake buɗe samansa gaba ɗaya a manne. Kika buɗe jakarki kika zaro wani kwali da aka yanke shi siffar tafin ƙafa, kika zura a ciki, ya zauna daram. Kika biya ba ko tayi. Ya ce yanzu takalmin yana jere a gefen gadonku, bakinsa yana kallon ƙofa, kuma shi ya rasa yadda zai tambaye ki.

Ni ba sai na tambaye ki ba. Ashe kwalin nan yana jakarki har yanzu.

Ina zaune a gabanku ranar da kika durƙusa kika zana ƙafar Babanku a kan kwalin madara, lokacin da kumburi ya hana kowane takalmi shigarsa. Yana ta tsokanarki, yana cewa, "Likitata, ki bar ƙafar nan ta huta, ina za ta je? Daga gado sai bayi." Kika zagaye shagunan garin nan kaf da kwalin, ba ki samu ba. Ƙarshe reza kika sa kika tsaga masa silifas, kika naɗe bakin da auduga don kada ya goge masa fata. Da shi ya yi ta takawa har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi miki faɗan labule da fulas, ashe ban gane ba. Hannunki ne ya saba nemo wa mutum abu, kuma wanda yake nemowa dominsa ba ya nan. Da na ajiye wayar na daɗe zaune a kujerar Babanku.

Amma ki saurare ni, don tausayi ba zai hana ni faɗa miki gaskiya ba. Ba ki gaza wa mahaifinki ba. Takalmi bai kashe shi ba, kuma da kin samu a lokacin ba zai ƙara masa kwana ba. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya ɗaga masa silifas ɗin nan ya ce, "Kun ga aikin likitata, babu irinsa a kasuwa." Mutumin da ke alfahari da abu haka ba ya jiran wani takalmin.

Babu shagon da zai sayar miki da abin da kike nema, ko da za ki zagaye duniya. Babanku addu'a yake bukata. Mai rai kuwa yana nan kusa da ke riƙe da leda, yana tsoron yi miki magana. Ki kwance kayan nan. Ba ki da izinin dawowa sai ranar da aka rubuta a tikitinku. Ki zaunar da mijinki ki ba shi labarin kwalin da bakinki, in kuka ya zo ki bar shi ya zo.

Allah ya jiƙan Babanku, ya sanyaya miki.

Mahaifiyarki.

Autata,

Assalamu alaikum. Yaya ku, yaya iskar teku? Yanzu na yarda akwai teku. Na ga ƙafafunku cikin ruwa, na ga mijinki hannunsa wayam, har na kusa kasa gane shi. Idanunki a kumbure suke a hoton, amma bakinki yana murmushi, kuma wannan ya ishe ni.

Na ji daɗi da mai labule ya karɓi kayansa. Tangaran ɗin da suka ƙi karɓa ki taho da shi, ki riƙa shan shayi a ciki kina tuna wautarki.

Kin tambaye ni yadda za ki yi da takalmin. Ki taho da shi. Tsohon telan bakin layinmu, wanda yake yi wa Babanku ɗinki, ciwon sukari ya kumbura masa ƙafa. Da tsumma yake ɗaure ta yake taka keken. Ke za ki kai masa da hannunki, ki durƙusa ki saka masa yadda kika iya, ladan ya je inda kike so ya je. Kwalin kuma ki ba ni, a wurina ya kamata ya zauna, ba a jakar matar aure ba.

Yanzu ga doka, kuma na faɗa wa yayyenki, ba ke kaɗai ta shafa ba. Daga yau duk ɗan gidan nan da ya yi tafiya, ranar da ya ji zuciyarsa ta yi nauyi ba ya shiga shago. Ya koma masauki, ya ɗauki waya ya kira ni, in faɗa ne in yi masa, in kuka ne mu yi tare. Abin da ya gani yana so, ya bari sai ya kwana ya ci ya ƙoshi. Idan gari ya waye yana iya faɗin sunan mai ran da zai yi amfani da shi, ya saya. Idan ba zai iya ba, ya bar wa mai shago kayansa.

Ki gaishe mini da surukina, ki ce Allah ya yi masa albarka.

Mahaifiyarki.